Kafin a taɓa tsirkiya: Abin da jita ta koya wa hannuna

 A wannan mako ba wasiƙunku zan amsa ba. Labarin kaina zan ba ku, kuma tun daga farko ina shaida muku cewa ban yi abin yabo a cikinsa ba.

Shekara biyu da suka wuce, babbar 'yata tana aji ɗaya na ƙaramar sakandare a nan Legas, ta dawo gida ta ce an umarci kowane ɗalibi ya zaɓi abin kiɗa ɗaya da zai koya, ita kuma jita ta zaɓa. Ba mai amfani da lantarki ba, jitar gargajiyar Turawa da ake ce wa kilasika: akwatin katako mai tsirkiya shida, uku na nailan zalla, uku kuma an naɗe su da siririyar waya, ana kaɗa ta a zaune da yatsu. Mahaifinta ya ɗan ja, daga baya shi da kansa ya sayo mata. Muka samu malami, wani dattijo Bayarabe, yana zuwa gida duk Asabar, ni kuma in zauna a falo ina sa ido. Daga sa ido na koma ɗaliba, don kafin wata uku na fi mai jitar ɗokin zuwan Asabar.

Matsalar ita ce lokaci. Ƙarfe tara na dare nake rufe kantin magani, kafin in fita daga cunkoson hanya in ga kwanciyar yara, goma da rabi ta yi. Minti ashirin kawai nake da su. Malamin ya ba mu wasu atisaye na minti goma da ya ce a yi su kullum kafin a fara komai, amma a ganina raba minti ashirin gida biyu asara ce. Sai in ɗauko jitar da hannuwana masu sanyi, waɗanda suka yini cikin na'urar sanyaya ɗaki saboda magani ba ya son zafi, in faɗa kai tsaye kan kiɗan da na ƙwallafa rai a kansa.

Kiɗan shi ne wanda ake kira Romansa, wanda har yau ba a tabbatar da wanda ya tsara shi ba, kuma ya yi suna a duniya bayan Narciso Yepes, ɗan ƙasar Sifen, ya kaɗa shi a wani fim na Faransa a 1952. Kusan duk mai koyon wannan jita yana mafarkin iya shi. Farkonsa da sauƙi, amma akwai wurin da dole manunin hagu ya kwanta ya danne tsirkiyoyin duka a gida na bakwai, sauran yatsu kuma su miƙa su kamo wasu. A nan nake maƙalewa. Sautin ba ya fita tas, ni kuma maganin da na sani shi ne in ƙara matsa wuyan jitar da babban yatsana kamar mai matse lemon tsami. In maimaita wurin sau talatin, sau arba'in, har barci ya ci ƙarfina.

Da farko wani ɗan zafi ne a gindin babban yatsan hagu, ta gefen wuyan hannu, kuma kafin safiya ya tafi. Daga baya ya daina tafiya. To a nan ne na yi abin da nake jin kunyar faɗa. Ni da nake tsayawa a bayan kanta ina yi wa direbobi da teloli da 'yan dako faɗa kan shan maganin kashe zafi don a ci gaba da aikin da ya jawo ciwon, sai ga ni ina haɗiyar daikulofenak rabin awa kafin in ɗauki jita. Wanzami dai ba ya son jarfa. Na yi kusan mako uku a haka.

Ranar da asirina ya tonu, wata tsohuwa ce ta miƙo mini kwalbar maganin tari ta ce, “'Yata, buɗe mini, hannuna ba ƙarfi.” Na riƙe kwalbar da hagu zan murɗa, wani zafi ya tsarga mini har gwiwar hannu, kwalbar ta suɓuce ta fashe a gabanmu. A makon nan na kasa ɗaga autana mai shekara biyu ba tare da cije leɓe ba, na kasa yi wa yara kitso, matse tsumma ma ya gagara.

Likitar da ta duba ni ta sa na tura babban yatsana cikin tafin hannu, na rufe shi da sauran yatsun, sannan ta karkatar da hannun ta ɓangaren ƙaramin yatsa. Sai da na yi ƙara. Ta ce ciwon De Quervain ne, sunan wani likitan tiyata ɗan ƙasar Suwizalan da ya yi bayaninsa a 1895. Jijiyoyi biyu da ke jan babban yatsa suna bi ta cikin wani matsattsen kube a gefen wuyan hannu. Idan aka yawaita matsa musu, kuben ya yi kauri, hanyar ta ƙara tsukewa, sai kowane motsi ya zama gurzawa. Ya fi kama mata, musamman masu goyo da ke yini suna ɗaga yaro ta hammata. Wato hannuna yana ɗauke da kayansa tun kafin jita, ni kuma na ƙara masa wani. Ta ba ni maɗauri mai kama da karan ɗori wanda ke hana babban yatsa motsi, ta haɗa ni da likitan fisiyo, ta ce mako shida ba ni ba jita.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi tayar mini da hankali ya faru ne a mako na biyu na hutuna. Makarantar su 'yata ta shirya bikin ƙarshen zango, an sa ta cikin waɗanda za su yi kiɗa, sai ta tashi daga minti ashirin a rana ta koma awa biyu. Wani dare ta same ni a kicin ta ce, “Mama, ki ba ni irin ƙwayar nan da kike sha kafin ki yi jita, hannuna yana ɗan ciwo.” Na juyo na dube ta. Ashe duk daren da nake ɓalle ƙwayar ina zaton ba mai gani, yarinya tana kallo, kuma abin da ta koya shi ne idan jiki ya yi ƙara, a toshe masa baki a ci gaba. Ban ba ta ba. Na zaunar da ita na gaya mata cewa abin da ta ga ina yi kuskure ne, kuma ga sakamakonsa ɗaure a hannuna.

Da Asabar ta zagayo na ba malamin labari. Bai yi mini dariya ba. Ya ce, “Hajiya, minti goman nan da kika raina ba share fage ba ne, su ne darasin.” Ya sa 'yata ta huta kwana uku, ya rage mata lokaci, sannan ya sake koya mana atisayen daga tushe. Ga yadda suke, tare da dalilin kowanne kamar yadda na fahimce shi da ɗan karatun jikin ɗan Adam da na yi a jami'a.

Da farko yana da kyau a san cewa manyan tsokokin da ke lanƙwasa yatsu da miƙe su ba a cikin yatsun suke ba. Suna can a damtse, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, kuma da dogayen jijiyoyi suke jan yatsun kamar igiyar guga. Tara daga cikin waɗannan jijiyoyi, tare da wata jijiyar saƙo da ke kai ji ga babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na zobe, duk ta wata 'yar ƙaramar kafa ɗaya suke ratsa wuyan hannu. Akwai wani ruwa mai santsi kamar yauƙin kuɓewa da ke sa su zame ba tare da gurzar juna ba. Idan hannu ya yi sanyi, jini yana raguwa a yatsu, tsoka ta yi tauri, ji ya dusashe, sai mutum ya riƙa matsawa fiye da yadda ake buƙata bai sani ba. Motsi a hankali shi ke kawo jini, ya sassauta tsoka, ya farkar da ji.

Mataki na ɗaya, minti biyu zuwa uku, ba a taɓa jitar ma. Idan hannun da sanyi, kamar lokacin hunturu ko damina ko bayan zama cikin na'urar sanyi, a tsoma shi cikin ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, na minti ɗaya. A tsaya a juya kafaɗu baya sau goma, a karkata wuya dama da hagu a hankali, a saki hannuwa a kaɗa su, a dunƙule tafi a buɗe sau goma ba da ƙarfi ba, a juya wuyan hannu. Kada a kama yatsa a banƙare shi baya da sunan miƙewa, kuma kada a tura wani abu tsakanin yatsu don su ƙara buɗewa.

Mataki na biyu shi ne zama. Kujera mara hannu, a zauna a bakinta, baya a miƙe ba tare da sandarewa ba. Ƙafar hagu a kan ɗan matashin katako, jitar a kan cinyar hagu, wuyanta ya ɗaga sama har kansa ya kusa daidai da fuska. Amfanin wannan shi ne wuyan hannun hagu ya zauna kusan a miƙe. Ni a kan gado nake zama, jitar a kwance, sai hannuna ya lanƙwashe sosai kafin ya kai ga tsirkiya, jijiyoyin nan suna aiki a kan kwana.

Mataki na uku, minti uku, hannun dama kaɗai, hagu yana hutawa. A littattafan jita za ku ga haruffa huɗu, p da i da m da a. Farkon sunayen yatsu ne da harshen Sifaniyanci: babban yatsa, manuni, na tsakiya da na zobe. A fara da manuni da na tsakiya suna karɓa-karɓa a kan tsirkiya ɗaya kamar mai tafiya, bugu ɗaya a kowace daƙiƙa. Akwai manhajar ƙidayar bugu kyauta a waya, a sa ta a kan 60. Sai babban yatsa ya zagaya tsirkiyoyi uku masu kauri, sannan a haɗa yatsun huɗu ɗaya bayan ɗaya. Mauro Giuliani, ɗan Italiya, ya wallafa atisaye 120 na hannun dama a 1812, dukkansu a kan riƙo biyu kacal na hannun hagu, don hankali ya tattaru a dama. Fiye da shekara 200 ke nan ana amfani da su. Biyu ko uku daga na farko-farko sun ishi mai koyo.

Mataki na huɗu, minti uku, hannun hagu. Wuyan jita a rabe yake gida-gida da siraran ƙarafa, kuma gidajen suna ƙara tsukewa yayin da ake matsowa wajen cikin jitar. Don haka a fara daga gida na bakwai ko na tara inda yatsu ba sa buƙatar buɗewa sosai: yatsa ɗaya a kowane gida, ɗaya, biyu, uku, huɗu, a sauya tsirkiya. Sai a riƙa ja baya gida-gida har a kai na ɗaya inda ya fi faɗi. A nan ne malamin ya nuna mini abin da da na san shi da ban shiga wahala ba. Ya ce in ɗora yatsa a kan tsirkiya, dab da ƙarfen, ba tare da dannawa ba, in kaɗa. Sautin ya fito a toshe. Ya ce in riƙa ƙara nauyi kaɗan-kaɗan har ya fara zizar ƙudan zuma, in ƙara ɗan kaɗan har ya fita tas, in tsaya nan. Na yi mamakin ƙanƙantar ƙarfin da ake buƙata. Babban yatsa kuwa jingina kawai yake yi a bayan wuyan jitar, ba matsewa ba.

Mataki na biyar, minti biyu zuwa uku, a haɗa hannu biyu a hau matakalar sauti a sauko, a hankali, ana sauraron kowane sauti. Andres Segovia, wanda ya rayu daga 1893 zuwa 1987 kuma ya fi kowa fito da wannan jita a manyan zaurukan duniya, yana da ɗan littafi na irin waɗannan matakalai da ɗalibai ke bi har gobe. Mai farawa ba sai ya kai can ba, matakala ɗaya mai sauƙi ta wadatar. Daga nan a kaɗa wani ɗan kiɗa da aka riga aka iya. Sai bayan wannan ne ake tunkarar mai wuya, kuma danne tsirkiya shida da yatsa ɗaya da doguwar miƙa su ne na ƙarshe.

Amma kada in ruɗe ku. Ɗumama hannu ba laya ba ce. Wanda ya yi minti goman nan sannan ya zauna awa uku bai tashi ba yana maimaita wuri ɗaya, zai ji a jikinsa. A huta minti biyar bayan kowane minti 25 ko 30, a ajiye jitar a miƙe tsaye. Wuri mai wuya a yi shi sau biyar a hankali a bar shi, a dawo daga baya. Ƙarin lokaci kuma a yi shi kaɗan-kaɗan cikin makonni, ba dare ɗaya ba don biki ko jarrabawa ta matso. Ko ƙwararru ba su tsira ba. Milos Karadaglic, ɗan ƙasar Montenegro da ya yi fice a wannan jita, ya samu ciwon hannu a 2016 har ya soke wasanninsa ya daɗe bai hau dandamali ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin ciwo da ciwo. Zafin fatar kan yatsun hagu a makonnin farko ba abin damuwa ba ne, kanta ce za ta fito ya wuce. Wanda ba a wasa da shi shi ne zafi a wuyan hannu, gindin babban yatsa, gwiwar hannu ko kafaɗa. Idan ya zo, a tsaya nan take. A je asibiti idan ya wuce mako guda duk da hutu, ko akwai kumburi, ko abu yana suɓucewa daga hannu, ko yatsu suna mutuwa ana jin kamar tafiyar kiyashi, musamman cikin dare. Masu ciwon suga da masu juna biyu sun fi saurin samun matsewar jijiyar saƙon nan ta wuyan hannu. Akwai kuma wata alama mara zafi ko kaɗan: yatsa ya riƙa naɗewa da kansa duk lokacin da aka zo kiɗa. Wannan daga yadda ƙwaƙwalwa ke aika saƙo ne, ƙarin atisaye ba ya gyara shi, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ake nema. Shi ne ya kama David Leisner, makaɗin jita na Amurka, a 1984, ya shafe kimanin shekara 12 kafin hannunsa ya dawo daidai.

Yanzu bari in koma bayan kantata. Daikulofenak da aibufurofen suna rage zafi da kumburi, amma ba sa ɗinke abin da ya lalace, kuma shan su don a ci gaba da aikin da ya jawo ciwon daidai yake da cire batirin ƙararrawar gobara. A sha su da abinci, na 'yan kwanaki kawai, kuma kada a haɗa biyun, don dangi ɗaya ne. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini, mai asma da mai juna biyu kada su sha sai da izinin likita. Farasitamol kada babba ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, na yara kuma da nauyin jikinsu ake auna shi. Asfirin ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba sai likita ya rubuta. Tiramadol kuwa ba shi da gurbi a wannan magana ko kaɗan.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: sifurofuloksasin, wanda muke ce wa sifro, da ake saye barkatai da sunan taifot, shi da danginsa suna iya raunana jijiyoyin tsoka har su tsinke. Ya fi taɓa agara, amma yana taɓa kafaɗa da hannu. A 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa aka buga gargaɗi mafi tsanani a kan haka a takardarsa. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60 da mai shan magungunan sitiroyid irin su firedinisolon. Duk mai shan sa da ya ji sabon ciwo ko kumburi a jijiya, ya dakata da shan, ya hutar da wurin, ya tuntuɓi likita a ranar.

Wataƙila mai karatu ya ce gidansa ba jita. To gurmi da garaya da molo ma yatsu ne ke kaɗa su, haka mai kitso da mai ɗinkin hula da mai yini a kan kwamfuta, duk jijiyoyin nan ne suke wa aiki. Motsa hannu kafin a fara, gyara zama, rage matsi da hutawa a tsakani, duk za su amfane su.

Ni dai na cika mako shidana, na ƙara wasu ina atisayen da likitan fisiyo ya ba ni. Ranar da na koma, minti biyar kawai aka yarda in yi. Har yanzu minti ashirin ɗin nan ne nake da su, goma na ɗumama hannu, goma na kiɗa, kuma abin mamaki wurin nan na gida na bakwai ya fara fita tun da na daina matse shi. Kashi na biyu na Romansa har yau ban iya ba, kuma na daina gaggawa. 'Yata ta yi kiɗanta a bikin makaranta lafiya lau ba tare da ƙwaya ko ɗaya ba. Yanzu in ta ga na miƙa hannu zan ɗauki jitar daga shigowata, sai ta ce, “Mama, kin sa hannunki a ruwan ɗumi?”

Iyaye, idan yaronku yana koyon wani abin kiɗa, ku tambayi malaminsa abin da ake yi kafin a fara, ku tambayi yaron ko wani wuri yana masa ciwo, kuma ku lura da abin da yake gani kuna haɗiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A ci gaba da aiko da tambayoyi.